Bencin Ranar Talata

Kafin gari ya waye na zaro katin asibiti
daga ƙarƙashin matashin kai.
Ya yi laushi kamar tsohuwar naira biyar.
Daga ƙofar gida zuwa bakin titi taku ɗari biyu ne.
A da, da numfashi ɗaya nake cinye su,
yau gwiwa ta kasa su kashi uku,
kowane kashi da dakalin da nake hutawa.

Mai keke ya ce, "Baba, riƙe da kyau."
Na riƙe.
Shekara ashirin da shida ina ƙulla zare a masaƙar Kakuri,
yanzu maɓallin riga ke kayar da yatsuna.

An ba ni lamba goma sha tara.
Mama Rifkatu ta riga ni, kamar kullum,
daga Sabon Tasha, da ledar magani a ƙulle a bakin zane.
Ita da ta tsufa tana fere rake a tasha,
ciwon sukari ya raba ta da ko gaɓa ɗaya.
Da dare tafin ƙafarta garwashi,
da rana kuwa ba ta jin sa,
silifa ya zame, ta yi taku goma ba ta sani ba.

Ga Malam Shekarau, tsohon direban jirgin ƙasa,
wanda ke hango jar fitila tun daga bayan gada.
Yana ta rufe masa ido,
sai da murya yake gane mu.
Fitsari na tashinsa sau biyar kafin asuba.
Ya ce, "Ni da buta mun zama aminai,"
muka yi dariya har tari ya karɓe ta.

Wurin Bawa a ƙarshen benci babu kowa.
Talata ta uku ke nan.
Ba wanda ya tambaya,
ba kuma wanda ya zauna a wurin.

Sista Ladidi ta naɗa mini abin awo a damtse,
ya matse, ya huce, ta dubi lambar, ta dube ni.
"Kana shan maganin hawan jinin?"
Na ce ina sha.
Ban yi ƙarya ba.
Ban dai faɗa mata ina raba ƙwayar gida biyu ba
don ta raka ni ƙarshen wata.

Likita yaro ne, sa'an autana, mai haƙuri.
Ya ce, "Ina ke ciwo?"
Na ba shi baya, na ba shi gwiwa,
na ba shi kunnen da injin masaƙa bai daina gudu a ciki ba
duk da an kulle ƙofar tun tuni.
Ya rubuta.
Amma a wane layi zai rubuta
cewa tun rasuwar Barmani tuwo ba ya wucewa,
ba don an rage gishiri ba?
A wane layi zai sa
cewa a kan kujera nake salla
kuma goshina na kewar ƙasa?

Ya ce in riƙa tafiya kaɗan da yamma,
in dawo bayan mako huɗu.
Zan dawo kafin nan.
Ya sani, na san ya sani.

A waje hadari ya haɗu ta wajen kogi.
Na karanta wa Shekarau rubutun kwalbarsa,
shi ya ji an kira sunana a tagar magani ya taɓo ni,
Rifkatu kuma ta tuna mana ranar dawowa.
Ta ce, "Mu ukun nan, in an haɗa,
a samu mutum ɗaya lafiyayye."
Shekarau ya ce, "Saura gwiwa."

Muka tsaya a ƙarƙashin rumfa,
ba mai sauri,
muna jiran yayyafin ya yanke shawara.